Daga Muri Zuwa Bormi: Abin Da Tarihin Gombe Ya Nuna Min Bayan Ƙungiyarmu Ta Rabe Biyu

Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda yake cikin lakca ya ajiye shi sai dare. Amma don Allah duk wanda ya taɓa riƙe wani muƙami a makaranta, ko wakilin aji ne, ko amirar hostal, ko admin ɗin guruf kawai, ya daure ya kai ƙarshe.

Shekara biyu da suka wuce ni ne sakataren wata ƙungiyar ɗalibai 'yan yankinmu. Ba zan kama suna ba, waɗanda suka sani sun sani. Muna da rassa a makarantu daban-daban, uwar ƙungiya kuma tana nan Gombe. Sai wani reshe da ke nesa da mu ya fara tashe. Suna karɓar kuɗin ƙungiya a kan lokaci, suna yi wa sababbin ɗalibai darasi kyauta, da azumi suka yi buɗa-baki na mutum da yawa, mu a hoto muka gani. Wata rana da daddare a guruf ɗin shugabanni wani ya jefo magana: "Mutanen nan fa ɓallewa suke son yi." Babu wanda ya ce ina hujja. Har ni.

Daga wannan daren komai shugaban reshen ya yi sai ya zama shaida a kansa. Ya yi jinkirin amsa saƙo, raini ne. Ya saka hoto babu tambarin ƙungiya, an fara ke nan. Ya yi shiru kwana huɗu, shiri suke yi. Cikin mako biyu muka dakatar da shi, wajen ƙarfe ɗaya na dare, ni na buga takardar da hannuna. Ba a yi wata guda ba reshen ya sanar cewa ya zama ƙungiya mai zaman kanta. Mu kuma muka ce: ba mun faɗa ba?

Bara na haɗu da shi a wajen wata ta'aziyya. Bayan an shafa fatiha muka koma gefe, ya ce min: "Malam, wallahi maganar ɓallewa ba ta taɓa zuwa min a rai ba sai ranar da na karanta takardarka." Kwana huɗun da ya yi shiru, mahaifiyarsa ce a kwance a asibiti.

Na daɗe abin yana cina. Da na fara digiri na biyu ina karance-karance a kan tarihin masarautar Gombe, sai na tarar abin da muka yi ba sabo ba ne a ƙasar nan. An yi shi tun kafin a ƙirƙiri waya, kuma a lokacin da rayuka ake biyan kuɗinsa.

Daula a kan takarda da doki

Mu fara da siffar daular Sakkwato, don sai an gane ta sannan sauran zai fito. Yawancinmu a firamare an koya mana kamar wata dala ce: Sarkin Musulmi a sama, umarni yana gangarowa. Wanda ya karanta littafin Murray Last na 1967 zai ga ba haka take ba. Shehu Usmanu ya ba malamai tutoci, kowa ya koma yankinsa ya yi jihadi da mutanensa da dawakinsa: Yakubu a Bauchi, Modibbo Adama a Fombina, Buba Yero a nan Gombe, da sauransu. Masarautu kusan talatin suka fito, kowacce da fadarta da baitulmalinta da rundunarta. A 1812 aka raba kula da su gida biyu, gabas a hannun Muhammadu Bello, yamma a hannun Malam Abdullahi. Abin da ya ɗaure su shi ne mubaya'a, da wasiƙu, da kyautar da ake aikawa, da auratayya, da zumuncin malami da almajiri. Manyan fadawan Sakkwato, musamman Waziri, su ne ƙofar da masarautu ke bi.

To wasiƙa daga bakin kogin Gongola zuwa Sakkwato makonni take yi a hanya. Kafin amsa ta dawo, abin da aka tambaya a kansa ya riga ya canza. Tsakanin aikawa da amsawa akwai wani fili, kuma zuciyar ɗan Adam ba ta barin fili a banza. Tana cika shi da abin da take tsoro ko abin da take fata. Ku riƙe wannan, shi ne ƙashin bayan maganata.

1833: Gombe da Muri

Modibbo Buba Yero almajirin Shehu ne, shi ya kafa masarautar Gombe, ya zauna a Gombe Abba da ke ƙasar Dukku a yau, ya rasu a 1841. Ƙasar da ya buɗe ta yi faɗi har ta kai bakin Binuwai. Can kudu ɗan uwansa Hammaruwa ne yake riƙe masa yankin Muri. Hammaruwa ya yi ƙarfi, ya tara jama'a, sunansa ya fita. Tsakaninsa da Gombe Abba kuwa akwai duwatsu da tafiyar kwanaki.

A 1833 aka kira Hammaruwa Gombe, aka kashe shi tare da babban ɗansa. Ruwayoyin da masu tarihi suka tattara suna kawo dalili biyu: tsoron kada Muri ta ɓalle, da kuma batun wanda zai gaji sarauta bayan Modibbo, wanda tsufa ya riga ya kama shi. Mutanen Muri suka kai kuka wurin Sarkin Musulmi Bello. Hukuncin da ya fito shi ne a cire Muri daga ƙarƙashin Gombe, ta zama masarauta mai bin Sakkwato kai tsaye. Wato abin da aka ji tsoro, matakin da aka ɗauka don hana shi, shi ya kawo shi.

Ranar da na karanta wannan a laburare sai da na rufe littafin. Ba ina kwatanta ƙungiyarmu ta 'yan makaranta da masarauta ba ne, kuma ni ban isa in yi wa Modibbo Buba Yero shari'a ba, Allah Ya jiƙan su duka Ya gafarta musu. Amma hanyar da abin ya bi ita ce dai tamu. Reshe ya yi nisa, ya yi kyau. Kyawunsa ya tayar da wani abu a cibiya wanda ba wanda zai iya furtawa a fili, don babu babban da zai tashi a majalisa ya ce "ina jin tsoro" ko "ina jin kishi". Sai abin ya sake riga, ya fito a matsayin rahoto: wane yana shirin kaza. Daga nan kuma masu kai magana sun samu kasuwa, saboda sun gane irin labarin da kunne yake jira.

Akwai wani misalin daga cikin daular da ya bi ta wata hanya dabam. Bayan rasuwar Shehu a 1817, an yi wa Bello mubaya'a, dangantaka ta yi sanyi tsakaninsa da baffansa Malam Abdullahi na Gwandu. Aka ɗauki lokaci haka. Da tawayen Kalambaina ya matsa wa Malam Abdullahi, Bello bai tsaya aika wasiƙa ba, ya hau doki ya taho da runduna. A can suka haɗu ido da ido, a can aka ɗinke ɓarakar. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take, ba maganar biki da suna kawai suke yi ba.

1888: Bormi da jiran Mahadi

Bayan shekara hamsin da wani abu, wani irin yanayi ya sake rufe ƙasar nan. Shekarar Hijira ta 1300 ta kama a ƙarshen 1882, kuma farkon ƙarni lokaci ne da mutane suke sa ido ga mai gyara. A Sudan Muhammad Ahmad ya ce shi ne Mahadi a 1881, a Janairun 1885 Khartum ta faɗa hannun mutanensa. Labari ya biyo hanyar alhazai ya iso. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya bar Sakkwato ya zauna a Balda ta ƙasar Adamawa, ya karɓi kiran, ya shiga aika wasiƙu. A yankinmu kuma Malam Jibrilla Gaini ya zauna a Bormi, kusa da inda Ashaka take yanzu, jama'a suka yi ta kwarara wurinsa.

Wannan jira ba baƙo ba ne. Tun Shehu yana raye mutane suka so su ɗora masa Mahadanci, har sai da ya rubuta littafi, Tahzirul Ikhwan, ya ce shi ba Mahadi ba ne. Ku lura da wannan da kyau: jama'a ce take miƙa wa shugaba riga, shi kuma ya ce ba tawa ba ce. Ba kowa ke iya haka ba. An kuma daɗe ana riƙe da cewa a ƙarshen zamani jama'a za ta yi hijira gabas ta tarbi Mahadi, kuma dutsen Bima da muke hangowa in mun nufi Dadin Kowa yana cikin wuraren da ake ambata a wannan zance.

Me ya sa talaka zai bar gonarsa ya koma Bormi? Imani yana ciki, babu shakka. Amma akwai gajiya ma: haraji, yaƙe-yaƙe, da jin cewa jikokin masu jihadi sun koma irin sarakunan da kakanninsu suka yaƙa. Wannan ƙorafin ba shi da ƙofar da zai shiga fada. Da ya rasa ƙofa sai ya samu mutum.

Fadar Gombe ta kalli Bormi a matsayin mutum ɗaya mai taurin kai, wanda in an kawar da shi magana ta ƙare. A 1888 Sarkin Gombe Jailani ya kai masa yaƙi, aka yi masa rauni, ya rasu. Daga baya masarautun maƙwabta suka haɗa runduna, su ma ba su ci garin ba. Kowane hari da ya gaza sai ya ƙara tabbatar wa mutanen Bormi cewa suna kan gaskiya, ya kuma ƙara wa Malam Jibrilla kwarjini. Haka ya riƙe wani babban yanki na ƙasar Gombe shekara da shekaru, sai a 1902 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka kama shi, aka kai shi Lokoja. Kuma ko da aka ɗauke shi Bormi ba ta watse ba. Malam Musa Dadare ya ci gaba da jagorancin garin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da ke Bormi ya fi mutum ɗaya girma.

1903: wa yake jan wa?

A ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kano ta faɗi. A ranar 15 ga Maris aka gwabza a Giginya, bakin ganuwar Sakkwato, bindiga mai ruwan harsashi ta tarwatsa dawaki cikin ƙanƙanin lokaci. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu, wanda bai fi wata biyar a kan mulki ba, ya fita ya nufi gabas.

A nan shugabanni biyu suka ɗauki hanya biyu. Waziri Buhari ya dawo, ya zauna da Turawa, aka naɗa Attahiru na biyu. Bai yi haka da sanyin rai ba. Ya nemi fatawar malamai, daga baya ya rubuta wasiƙa zuwa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa: in kowa ya tafi, wa za a bar wa raunana, wa zai tsare musu salla da shari'a? Shi kuwa Attahiru na farko ya zaɓi hijira.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda tafiyar ta kumbura. Ya bar Sakkwato da mutane kaɗan. Da ya ratsa Zamfara ya bi tsakanin Kano da Zazzau, sai ga manoma, mata, tsofaffi, bayi, malamai, 'ya'yan sarakuna, ana barin garuruwa ana bin sa, daidai lokacin da ya kamata a ce ana sharar gona. Jami'an Turawa da kansu sun rubuta cewa ƙauyuka suna zama kufai. Babu rediyo, babu waya, amma labari ya riga doki gudu, saboda zukata sun riga sun shirya masa tun shekaru. Manya ma suka haɗu a tafiyar: Etsu Nupe Abubakar, Sarkin Misau Ahmadu, Magajin Keffi Ɗan Yamusa wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, har da Tijjanawan da Faransa ta koro daga ƙasar Segu. Kowanne da irin ciwon da ya taho da shi, duka suka ɗora a kan mutum ɗaya.

Shi Attahiru ya aika wa Turawa cewa ba yaƙi yake nema ba, wucewa yake so ya yi. Amma mutumin da dubban mutane suke biye da shi ba shi da sauran ikon wucewa shiru. Turawa su ma tsoro ne yake tuƙa su: su 'yan kaɗan ne a ƙasa mai faɗi, kuma abin da ya faru da Janar Gordon a Khartum bai bar ransu ba. Duk inda suka ji kalmar Mahadi sai hankalinsu ya tashi. Tsoro biyu suka yi karo a Bormi. A tsakiyar Mayu mutanen garin suka kori rundunar Kyaftin Sword. A ranar 27 ga Yuli 1903 Turawa suka dawo da shiri. Manjo Marsh da ya jagorance su ya mutu a wurin, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kuma a lissafin Turawan kansu mutum fiye da 600 aka kashe. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau. Allah Ya jiƙan su da rahama.

Kafin wani ya rubuto min a ƙasa: a'a, ban ce imanin mutanen Bormi ruɗu ba ne, ban kuma ce Attahiru bai san abin da yake yi ba. Hijira daga mulkin wanda ba Musulmi ba mas'ala ce ta ilimi, an yi muhawara a kanta da hujjoji, kuma mutanen nan sun tsaya a gaban mamaya lokacin da tsayuwa take nufin mutuwa. Abin da nake cewa shi ne, tare da hujja da imani, akwai baƙin ciki, da kunya, da firgici, da fata, suna yawo a cikin jama'a, kuma waɗannan ma suna yanke hukunci. Har yau in an tayar da zancen Attahiru da Waziri Buhari a majalisa, za ka ga mun kasu: ɗaya gwarzo, ɗaya mai sallamawa. Ni a ganina al'umma ɗaya ce take jin abu biyu a lokaci guda, tana so ta tsare mutuncinta, tana kuma so 'ya'yanta su rayu. Da ta kasa riƙe biyun a ƙirji ɗaya, sai ta ba kowane mutum ɗaya ya ɗauka.

Wani likita a Ingila

Akwai wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, Wilfred Bion, wanda ya yi yaƙin duniya na farko a cikin tankar yaƙi, a na biyu kuma ya yi aiki da sojojin da yaƙi ya taɓa wa hankali a asibitin Northfield. A 1961 ya fitar da littafi a kan abin da ya lura da shi in mutane sun taru. Ya ce kowane taro kamar taro biyu ne a ɗaki ɗaya. Akwai na fili, mai ajanda, wanda ya zo yin aiki. Akwai kuma na ƙarƙashi, wanda ba a shirya shi ba, ba a ma san ana yin sa ba, aikinsa kawai ya rage wa mutane fargaba. In fargaba ta yi yawa, na ƙarƙashin sai ya ƙwace sitiyari.

Ya ce yana zuwa ta fuska uku. Ta farko dogaro: kowa ya naɗe hannu, shugaba ne zai yi komai, in ya kasa a tsine masa a nemo wani. Ta biyu faɗa ko gudu: taro ya samo abokin gaba, na ciki ko na waje, a far masa ko a guje masa, kuma wanda ya fi kowa iya nuna abokin gaba shi ne shugaba a wannan lokacin, ko da ba shi da muƙami. Ta uku jiran mai ceto: ana zaune da fatan wani mutum ko wani abu yana tafe wanda zai gyara komai, kuma daɗin abin yana cikin jiran ne, shi ya sa duk wanda ya iso sai a ga ba shi ba ne.

Wata abokiyar aikinsu a cibiyar Tavistock ta Landan, Isabel Menzies, ta yi nazarin ma'aikatan jinya a wani asibitin koyarwa, ta buga a wajajen 1960. Ta gano cewa yawancin ƙa'idojin wurin, irin su yanka aiki gunduwa-gunduwa, da kiran majinyaci da lambar gado, da tura kowane hukunci sama, suna kare ma'aikata ne daga raɗaɗin kallon ciwo da mutuwa kullum, ko da suna ɓata aikin. Da na karanta sai na tuna kwamitocin da muke kafawa duk lokacin da muke gudun gaya wa wani gaskiya.

Ba sai Bature ya faɗa mana ba, kakanninmu sun riga shi da jimla ɗaya: babba juji ne. Mun saba ɗaukarta a matsayin nasihar haƙuri. Ni yanzu ina ganin bayanin aiki ce. Jama'a tana kwaso abin da ba ta iya riƙewa, tsoronta da fushinta da burinta, ta zuba a kan wanda ke gaba. Shugaban kirki yana karɓa, ya bar shi ya huce, ya tace, ya mayar wa mutane da shi a siffar da za a iya aiki da ita. Wanda bai iya ba, yadda aka zubo masa da zafi haka zai watsa wa na kusa da shi, yawanci wanda ya fi rauni ko ya fi nisa.

Mu dawo makaranta

Yau wasiƙa ba ta yin makonni, daƙiƙa take yi. Za ka zaci filin nan da zuciya take cikawa ya rufe. Wallahi ƙaruwa ya yi. Alama biyu sun yi shuɗi, ba amsa: minti goma sun isa ka gina wa mutum laifi, ka yi masa shari'a, ka yanke. Ga guruf na shugabanni, ga na shugabanni ban da wane, ga na 'yan ajinmu, ga na 'yan garinmu, magana tana tsallakawa daga wannan zuwa wancan babu fuska babu murya. Labarin zuciya a tambayi fuska, to mu fuskar ce ba ma gani.

Kuma fuskokin nan uku kullum muna cikinsu. Wakilin aji shi ne zai nemo aji, ya kira malami, ya tara kuɗin takardu, ya roƙi a ɗaga gwaji, mu ɗari biyu muna zaune. Ranar da abu ya kuskure shi ne maci amana. In sakamako ya fito da muni, kafin a tambayi yadda aka yi karatu an riga an samo wanda ya kai mu ƙara, sau da yawa wata baiwar Allah mai zama a layin gaba. In zaɓe ya matso kuma, sai a samo wani a ce shi ne zai gyara ƙungiya, a yi masa fosta da kirari. Bayan wata uku a fara jiran na gaba.

Abin da na ɗauka wa kaina daga wannan duka, ba wai don na iya ba, sai don na riga na ɓata sau ɗaya:

Na ɗaya, in magana ta shigo a kan wani da ba ya wurin, kuma na ji kowa ya yarda nan take har da ni, to wannan saurin yardar shi ne abin tuhuma. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle in bai zama ba.

Na biyu, ba na sake sa hannu a hukuncin da aka yanke da dare a guruf. A kwana, a kira mutum a ji muryarsa, in da hali a shiga mota a je. Kuɗin motar da muka ƙi kashewa a lokacin bai kai kuɗin fostar da muka buga daga baya muna kare kanmu ba.

Na uku, in wani ya fito yana ta da ƙura kuma mutane suna bin sa, tambayar ba "yaya za mu yi da shi" ba ce kawai. A tambaya: wane ƙorafi ne ya rasa ƙofa har ya koma bin wannan mutumin? Ka cire shi daga guruf, gobe wani zai gaje shi, yadda aka gaji Malam Jibrilla.

Na huɗu, ga masu neman kujera a zaɓen da ke tafe: in aka fara ce maka kai kaɗai ne za ka iya, ka ji tsoro. Riga ce ake miƙo maka wadda ba a ɗinka don ɗan Adam ba. Shehu da kansa ya mayar da irinta. Ka faɗi abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba tun yanzu, ko da zai rage maka ƙuri'a.

Daga Gombe zuwa Bajoga ba wata tafiya ba ce, Bormi kuma tana nan kusa. Da yawanmu mun gama digiri a garin nan ba mu taɓa takawa ba, alhali mutane suna tasowa daga nesa don su ga wurin. Ina ba ƙungiyoyinmu shawara, maimakon walimar ƙarshen shekara ta bana a haɗa kuɗin mota a je, a yi wa mamatan addu'a, a zauna a yi maganar da ba ma yi a mitin.

Shi kuma ɗan uwana da na buga wa takardar nan, na san kana karanta abin da nake sakawa ko da ba ka cewa komai. Na ba ka haƙuri a ɓoye, yau ga shi a fili, tunda a fili aka ɓata maka suna. Rassan nan biyu har yanzu ba su haɗe ba, kuma ƙannenmu da suka shigo bana ba su ma san dalili ba, sun dai gaji gabar. In kana da hali ranar Asabar, ni zan taho, ba sai ka zo ba.

Wanda yake da gyara a kan tarihin, musamman 'yan Muri da 'yan Funakaye da suka ji daga bakin kakanni, bismillah, ina saurare. Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, Ya sa mu ma mu tausaya musu.